Jinyar ta ƙare, amma jikina ya ƙi dawowa daidai

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 41, ina da aure da 'ya'ya huɗu, ina kuma aikin ofis. Mahaifiyata ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, na yi jinyarta kusan shekara uku. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke kwana kusa da ita, gari na wayewa in wuce aiki. Duk tsawon lokacin nan ko mura ban cika yi ba. Wata takwas ke nan da Allah ya yi mata rasuwa. Na zaci zan huta in dawo yadda nake, sai abin ya juye. Wuyana da kafaɗuna da bayana kullum ciwo suke, yau nan gobe can, kaina ma yakan ɗaure. Ina tashi daga barci jikina duk ya yi tsami. Ranar da na ji dama-dama sai in tashi in yi duk aikin da ya taru, daga nan in kwana biyu a kwance. Na je asibiti sau ɗaya, aka auna jinina, aka ce lafiyata lau, damuwa ce kawai. Farasitamol da ibufurofen kusan kullum sai na sha. Maigidana ya fara cewa son jiki ne, tunda lokacin da aiki ya fi yawa ban kwanta ba. Ni ma na fara zargin kaina. Anti, me ke damuna? Zan warke kuwa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya yi mata rahama, ke kuma ya saka miki da alheri.

Zan fara da maganar maigidanki, don na lura ita ce ta fi tsaya miki a rai, har kin fara maimaita ta da bakinki. Ya ce lokacin da aiki ya fi yawa ba ki kwanta ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da ya ɗauka hujja a kanki, shi ne ainihin bayanin ciwon naki. Mutane da yawa da suka yi doguwar jinya, ko suka daɗe a cikin bashi, ko shari'a, ko zaman da babu kwanciyar hankali, ba sa faɗuwa a tsakiyar wahalar. Sai ƙura ta lafa sannan jiki ya fara magana. Likitocin ciwon kai sun daɗe da sanin haka: masu ciwon ɓarin kai da yawa sukan ce ya fi kama su ranar hutu, ko washegarin kammala wani babban aiki, ba ranar da ake tsaka da shi ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai ta aika saƙo zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba sinadarai cikin jini, manyansu adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, suga ya ƙaru a jini, tsokoki su ɗaure, barci ya zama sama-sama, jin zafi ma ya ragu na ɗan lokaci. Wannan shiri yana da amfani ƙwarai ga tashin hankalin awa ɗaya ko na kwana ɗaya. Ke kuwa shekara uku kika yi a cikinsa. Ki tuna yadda kike kwana: ido a rufe, kunne na kan numfashin Mama. Ta ɗan yi tari, kin miƙe zaune kafin ma ki san kin farka. Ki juya ta, ki gyara mata shimfiɗa, ki koma ki kwanta kafaɗa a ɗage, kina jiran na gaba. Dare bayan dare kina koya wa jikinki cewa sakin jiki haɗari ne, ya kuwa koya da kyau.

Wani likita mai bincike, Hans Selye, ya bayyana wannan tun 1936 yana Jami'ar McGill a Kanada. Ya lura cewa kowace irin wahala ya jefa ɓeraye a ciki, sanyi ne ko rauni ko gajiyarwa, amsa iri ɗaya jikinsu ke bayarwa. Da farko firgita, sai wani dogon lokaci na juriya da dabbar za ta zama kamar ta saba, sannan in wahalar ta ƙi ƙarewa sai durƙushewa. Matakin tsakiyar nan shi ya ruɗi maigidanki, ya ruɗe ki ke ma. Kuna ganin kina tsaye, kuka ɗauka ba abin da ke taɓa ki.

Akwai kuma binciken da ya shafi masu jinya irinki kai tsaye. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar likitoci ta The Lancet. Sun ɗauki mata masu jinyar 'yan'uwansu da ciwon mantuwa na tsufa ya kama, da wasu mata sa'o'insu da ba sa jinyar kowa, suka yi wa kowacce ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu, suka zuba ido. Raunin masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. Na kawo miki wannan ne saboda rauni a fata bai san son jiki ba. In doguwar damuwa na iya jinkirta haɗewar fata, to ba abin mamaki ba ne ta bar tsoka da jijiya cikin ciwo.

To me ya sa bai tafi ba, tunda jinyar ta ƙare? Domin ciwo ba daga wurin da ke ciwo kaɗai yake fitowa ba. Jijiyoyi ne ke kai rahoto zuwa laka da ƙwaƙwalwa, su kuma su yanke hukuncin ko rahoton ya isa a ji zafinsa. Ki ɗauka mai gadi ne da ya shekara uku ɓarayi na kai masa farmaki kowane dare. Yanzu an kama ɓarayin, an faɗa masa, ya kuma yarda. Amma iska ta kaɗa ganye sai ya zabura ya busa usur. Ba ƙarya yake yi ba, ya ji motsi da gaske, kunnensa ne ya yi kaifi fiye da ƙima. Haka jijiyoyinki suka zama: ɗaurewar tsoka ko zaman kujera da a da ba za ki ma lura da su ba, yanzu suna isa ƙwaƙwalwa a matsayin ciwo. Shi ya sa yake yawo, yau wuya gobe baya. Shi ya sa kuma awon jini bai ga komai ba, don awon yana neman ɓarna ce a gaɓa, ba ya auna kaifin jijiya. Wannan ba hasashena ba ne. A 2017 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta amince da wannan a matsayin nau'in ciwo mai zaman kansa, daban da ciwon rauni da ciwon lalacewar jijiya. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma ya ware wa ciwon da ya wuce wata uku gurbinsa, har da wanda ba a gano wata cuta a bayansa ba. Mai gadin nan kuma ba a kwantar masa da hankali da faɗa. Sai ya ga dare ya wuce lafiya, wani ma ya wuce lafiya, har kunnen ya koma daidai. Kusan duk shawarar da zan ba ki a kan wannan ta ginu.

Amma kafin nan, ki koma asibiti. Zuwa ɗaya da awo ɗaya bai isa a rufe maganarki ba, kuma kalmar "kawai" da aka liƙa wa damuwa ba ta yi min daɗi ba. Mai jinya kan manta da kanta, shekara uku kuwa ta isa wani abu ya samu gindin zama ba a sani ba. Ki nemi a duba ƙarancin jini tare da ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, domin mace mai al'ada takan ƙarar da ajiyar tun kafin jinin ya nuna ƙasa, ta yi ta fama da kasala. A duba tayirod, wato gaɓar nan ta gaban wuya, don raguwar aikinta na kawo gajiya da ciwon tsoka da jin sanyi. A duba suga, da hawan jini, da ƙoda da hanta, da bitamin D da B12, da alamun kumburi a jini. Likita zai iya ƙara gwajin cututtukan da ke daɗewa a ɓoye, irin su tarin fuka da ciwon hanta. Ki gaya masa in al'adarki ta fara sauya lokaci ko kina jin zafi na taso miki da dare, saboda a shekarunki wasu mata sun fara shiga sauyin da ke gabanin ɗaukewar al'ada, shi ma yana taɓa barci da gaɓoɓi. Ki tambayi maigida ko kina minshari mai ƙarfi ko numfashinki na sarƙewa cikin barci. Kada kuma ki manta da abu mafi sauƙi: shekara uku kina ɗaga babban mutum daga gado, sau da yawa ke kaɗai, a sunkuye. Kafaɗa da ƙugu suna iya samun rauni na zahiri daga wannan, don haka a sa hannu a duba su, ba jini kaɗai ba.

Ki tafi da takarda. Ki rubuta yaushe abin ya fara, ina da ina ke ciwo, me ke tayar da shi, awa nawa kike barci, da kowane magani da kike sha da yawansa. Mai gajiya takan manta rabin bayaninta da zarar ta zauna gaban likita. Akwai kuma abubuwan da ba a jiran ranar ganin likita a kansu: rama ba dalili, zazzaɓi ko gumin dare, gaɓa ta kumbura ta yi zafi, sandarewar jiki da safe da ke kai awa guda, hannu ko ƙafa su mutu ko su rasa ƙarfi, fitsari ko bayan gida ya ƙwace, baƙin bayan gida ko jini a cikinsa, ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Ko ɗaya daga cikinsu, ki tafi a ranar.

Maganar ƙwayoyin da kike sha ta dame ni. Ibufurofen da danginsa irin su dikulofenak, in aka maida su abin kullum, suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Farasitamol ya fi su sauƙi, amma babba ba ya wuce giram 4 a rana, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, sai mutum ya haɗa biyu bai sani ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, shan waɗannan magunguna kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, yana iya haifar da ciwon kai na kansa, sai maganin ya zama shi ke riƙe da ciwon. Kin ce kanki yana ɗaurewa, don haka ki faɗa wa likita adadin da kike sha ba ragi. A 2021 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce kada a ɗora mai irin wannan daɗaɗɗen ciwo a kan farasitamol ko dangin ibufurofen ko masu ƙarfi irin tiramadol da kodin, don ba a ga suna taimakawa a dogon zango ba, ga kuma illa. Abin da ta ba da shawara a kai shi ne motsa jiki, da zaman tattaunawa da ƙwararre, da wasu magungunan da aka fi sani da na damuwa, irin su amitiriftilin da duloksetin. In likita ya rubuta miki ɗaya daga cikinsu kada ranki ya ɓaci ki ce ya raina ciwonki. Suna aiki ne a kan hanyoyin da saƙon ciwo ke bi, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Ina roƙonki ki guji ƙwayoyin sitiroyid irin su dekzametason da wani zai miƙo miki don ciwon jiki. Za ki ji garau na kwana biyu, amma suna raunana ƙashi, su ɗaga suga, su sa jiki ya daina yin nasa kotizol, kuma tsayar da su kwatsam bayan an daɗe ana sha haɗari ne. Haka masu tallar kwalaben da ke cewa gaɓoɓin saman ƙodarki sun "gaji" za su farfaɗo da su. Likitocin wannan fanni ba su amince da wata cuta mai wannan suna ba. Cutar da ke hana waɗannan gaɓoɓi aiki da gaske tana nan, da gwajin jini ake gano ta, likita ne kuma ke kula da ita.

Yanzu ga wurin da na fi so ki tsaya ki karanta sau biyu. Kin ce ranar da kika ji dama-dama sai ki yi duk aikin da ya taru, ki kwana biyu a kwance. Wannan ɗabi'a ita ce, a ganina, ta fi komai riƙe ki a inda kike. Na san yadda ranar take. Kin tashi kin ji wuyan ya saki, sai zuciya ta ce yau ce ranar rama bashi. Wanki, shara, guga, gyaran ɗakin yara. Wajen tsakar rana baya ya fara ja, kika ce bari in ƙarasa wannan tukuna. Da yamma kin gama, gida ya yi fes, ke kuma ko hannu ba kya iya ɗagawa. Abin da jijiyoyinki suka koya a ranar shi ne motsi na jawo azaba, don haka gobe za su fara ƙara tun da wuri. Kwana biyun da za ki yi a kwance kuma tsoka na ƙara rauni, aiki na sake taruwa, kunya na ƙaruwa, sai wata ranar rama bashin ta zo. A haka wata ke bin wata, ranakun jin daɗin na raguwa.

Mafita ita ce ki daina barin yadda kika tashi ya yanke miki yawan aikin ranar. Ki sa agogo ya yanke. Ki ɗauki mako guda kina lura: minti nawa kike iya tsayuwa kina aiki, ko tafiya a ƙasa, ba tare da kin biya kuɗinsa washegari ba? A ce minti 15 ne. To ki fara da 12. Ki saita ƙararrawar waya, in ta buga ki ajiye abin da ke hannunki ko da saura riga uku a cikin ruwa. Ki zauna ko ki kishingiɗa minti biyar zuwa goma, sannan ki koma. Ranar da kika tashi garau, 12 ɗin dai. Ranar da kika tashi da tsami, ki yi ƙoƙarin 12 ɗin ko kusa da shi, a hankali. In mako ya wuce lafiya, ki ƙara minti ɗaya ko biyu. Zai yi miki kama da wasa, mace da ta saba ɗaukar gida da ofis da majinyaciya a lokaci guda. Mafi wuyar ɓangarensa shi ne tsayawa alhali kina jin da sauran ƙarfi, kuma nan ne yawancin mutane ke karya ƙa'idar. Ki daure. Hutun da aka yi kafin ciwo ya taso ya fi wanda ciwo ya tilasta amfani nesa ba kusa ba. A ofis ma haka: kada ki wuce rabin awa a zaune ba ki miƙe kin ɗan taka ba.

Tafiya a ƙasa ita ce motsa jikin da zan fara ba ki, sai miƙe gaɓoɓi a tausashe. In kin samu likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya tsara miki, ya fi. Ɗan ƙarin tsami bayan sabon motsi, wanda ke lafawa cikin yini guda, ba alamar ɓarna ba ce. Amma ki lura da wani abu daban: in ƙaramin aiki, ko ma dogon tunani ko hira, na jefa ki cikin mummunar mutuwar jiki bayan awa 12 zuwa 48, kamar mura mai ƙarfi ta kama ki, kai ya dushe, ta kuma ɗauki kwanaki, to ki tsayar da ƙarin ki gaya wa likita da waɗannan kalmomin. Wannan alama ce ta cutar gajiya mai daɗewa, wadda kan biyo bayan wasu cututtuka har da korona, kuma ita ba a tura mai ita gaba da ƙarin motsa jiki. Hukumar NICE ɗin nan ta janye shawarar yi wa masu ita ƙarin motsa jiki na dole a ƙarshen 2021. Gare su, zama cikin iyakar ƙarfin da ake da shi shi ne kan gaba.

Barci kuma ba ƙaramin abu ba ne a nan. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita a Toronto, Harvey Moldofsky, ya riƙa katse wa lafiyayyun matasa barci mai zurfi da ƙara, ba tare da ya hana su barcin gaba ɗaya ba. Cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon tsoka da tsamin jiki, da aka bar su suka yi barcinsu kuma abin ya wuce. Kwanaki kaɗan ke nan. Ke ki lissafa naki. Ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har ranar hutu, ki fita ki ga hasken safiya. Shayi mai kafeyin da kofi su tsaya kafin ƙarfe 2 na rana, don rabin kafeyin na nan a jini bayan kamar awa biyar. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. In kin farka cikin dare, abin da nake zaton yana faruwa daidai lokutan da kike juya Mama, kada ki kwanta kina kokawa da ido. In ya kai kamar minti 20, ki tashi ki zauna a wuri mai ƙarancin haske ba tare da waya ba, sai barci ya dawo ki koma.

Ga ɗan abin da za ki gwada yanzu da kike karantawa. Ina haƙoranki, a haɗe suke? Ina kafaɗunki, sun haura wajen kunne? Ki raba haƙoran, harshe ya kwanta, ki saki kafaɗun su faɗo. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ciki ya taso ba ƙirji ba, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida. Fitar da numfashi a tsawaice na rage bugun zuciya. Minti uku, sau uku ko huɗu a rana, ba sai ciwo ya taso ba. Ba zai warkar da ke shi kaɗai ba, amma yana daga cikin hanyoyi kaɗan da za ki iya yi wa jijiyoyinki magana kai tsaye.

Akwai abin da ba ki rubuta ba, na kuma ji shi a tsakanin layukan. Wasiƙarki ta ambaci rasuwar Mama a jimla ɗaya ta wuce. 'Yar'uwa, kin samu kin yi kukanki kuwa? Mai doguwar jinya ba uwa kaɗai take rasawa ba, tana rasa abin da ya cika mata dare da rana, ta wayi gari hannunta ba komai. Da yawa kuma sukan ji wani sauƙi ya ratsa su bayan rasuwar, sai su tsani kansu saboda shi, su binne shi ba su gaya wa kowa ba. In hakan ya same ki, ki sani ba rashin ƙauna ba ne. Mutum na iya kewar mahaifiyarsa har cikin ƙashi, ya kuma ji sauƙin cewa wahalarta da tasa ta ƙare. Wasu kuma tunanin "da na yi kaza" ke cinsu. Duk wannan nauyi ne, kuma wuya da kafaɗa ne ke ɗaukarsa. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri ki faɗa masa da baki. In kuma kin yi mako biyu ko fiye ranki a dagule kusan kullum, abin da ke faranta miki a da ya daina, ki gaya wa likita, don ciwon damuwa na tafiya tare da ciwon jiki, kowanne na hura ɗan'uwansa, kuma yana jin magani. Zama da ƙwararren mai ba da shawara ba ya nufin ciwon ƙirƙirarsa kika yi. In tunanin gara mutuwa ko cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani na kusa ki nemi likita a ranar.

Maigida kuma, ban ɗauke shi mugu ba. Ya ga mace mai ƙarfi shekara uku, yanzu yana ganin wata, ga takardar asibiti ta ce lafiya. Mai yiwuwa tsoro ne ya fito masa a siffar faɗa. Kada ki yi masa bayani ranar da kike kwance kuna cikin ɓacin rai. Ki zaɓi lokacin da kuke cikin raha, ki ba shi wannan amsa ya karanta, ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya ji da kunnensa. Sannan ki nemi abu takamaimai, domin "ka taimaka min" ba ta da hannun kamawa. Ki ce wata uku masu zuwa wankin manyan kaya da ɗaukar abu mai nauyi a ɗauke miki, yara su karɓi shara da wanke-wanke, in ƙararrawa ta buga kika zauna kada a yi miki kallon mai lalaci. Ki gaya masa tun yanzu cewa zai gan ki kina hutawa a ranar da kike da ƙarfi, kuma wannan cikin maganin yake. Amma in ya karanta ya kuma ji daga likita ya ci gaba da kiran abin son jiki, to kada ki karɓi kalmar ki ɗora wa kanki. 'Yan'uwanki da jinyar ta fi sauƙi a kansu, wannan lokacin nasu ne su ma su taɓuka.

Kin tambaya ko za ki warke. Mutane da yawa da suka shiga irin halinki suna samun sauƙi sosai, in an gyara abin da gwaji ya gano, barci ya daidaita, aka kuma daina ranakun rama bashi. Da watanni ake lissafinsa. Kada ki auna kanki da ranar jiya, ki auna da watan jiya, kuma ki auna da abin da kike iya yi: tafiyar da ta tashi daga minti 12 zuwa 20, makon da ya wuce ba ki kwana biyu a kwance ba. Sau da yawa ƙarfi ne ke fara dawowa, ciwon ya biyo baya yana raguwa. Mako mara daɗi zai zo, wataƙila da mura, ko wata hayaniya a ofis, ko zagayowar ranar rasuwar Mama. In ya zo ki rage mintunanki zuwa rabi na kwana biyu ko uku, kada ki tsaya cak, sannan ki koma inda kika tsaya.

Ki sa ranar komawa asibiti cikin makon nan, ki kuma rubuto min abin da gwaje-gwajen suka nuna da mintunan da kika fara da su. Allah ya ba ki lafiya.